Gini a Filin Haya: Manhajojin Kasuwanci da Ake Haɗawa Ba Tare da Dogon Kod Ba

A watan Janairun 2020 kamfanin Google ya fitar da sanarwa biyu. Ta farko, ya sayi AppSheet, wani kamfani na birnin Siyatil a Amurka, wanda ke ba mutum damar mayar da takardar lissafinsa ta kwamfuta ta zama manhajar waya. Ta biyu, zai rufe App Maker, dandalin da shi da kansa ya gina don irin wannan aiki, nan da shekara guda, saboda masu amfani da shi ba su taka kara sun karya ba. To amma 'yan kaɗan ɗin nan kamfanoni ne da makarantu da ofisoshi da suka riga suka ɗora aikinsu na yau da kullum a kansa: fom ɗin neman hutu, rajistar kayan sito, neman sa hannun manaja kafin a fitar da kuɗi. Google bai ɓoye musu ba, ya ce babu hanyar kwashe manhaja kai tsaye daga App Maker zuwa wani wuri. Bayanan da suka tara suna nan a rumbun da aka ajiye su. Ita kuwa manhajar, sai dai a sake ta daga tushe.

A watan Yunin wannan shekarar Amazon ya fito da nasa mai suna Honeycode, shi ma da alkawarin cewa duk wanda ya iya cike takardar Excel zai iya haɗa wa ofishinsu manhaja. A ƙarshen Fabrairun 2024 ya rufe shi. Waɗannan biyu ba ƙananan kamfanoni ba ne da za a ce jari ne ya ƙare musu. Lissafi kawai suka yi, suka ga hajar ba ta ciniki, suka kwashe ta daga kanti, kuma haƙƙinsu ne su yi haka. Wanda ya yi gini a filinsu shi ne aka bari da neman inda zai koma.

Irin waɗannan dandali su ake kira lo-kod, wato ƙarancin kod. Kod shi ne umarnin da ake rubuta wa kwamfuta layi bayan layi, a harsunan da sai wanda ya koya yake ganewa. Akwai kuma no-kod, inda ake cewa ko layi ɗaya ba za ka rubuta ba. Iyakar da ke tsakanin biyun ba ta da kauri, domin kusan duk wanda ya daɗe a kan no-kod wata rana zai tsinci kansa yana rubuta ƙa'idar lissafi mai tsawon layi biyar. Ina cikin masu ganin alherin waɗannan kayan aiki, kuma zan faɗi dalilina. Sai dai abin da tallarsu ke haskawa, wato saurin gini, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da mai kasuwanci ya kamata ya auna.

In ka buɗe cikin kowace manhajar kasuwanci, ta babban banki ce ko ta dilan siminti, abubuwa kaɗan ne ke ta maimaita kansu. Akwai rumbun da ake ajiye bayanai: sunayen abokan ciniki, kaya, farashi, bashi. Akwai fuskar da ma'aikaci yake gani ya cike. Akwai dokokin aiki, kamar a ce duk kuɗin da ya haura naira dubu ɗari biyar sai manaja ya amince. Akwai batun wa aka yarda ya ga me, wa aka yarda ya goge me. Sai kuma igiyoyin da ke haɗa manhajar da wasu, kamar imel ko saƙon waya ko tsarin albashi. Mai rubuta kod da ya shekara goma yana wannan sana'a ya gina shafin shiga da kalmar sirri ya fi a ƙirga, kuma na yau bai bambanta da na bara ba. Masu lo-kod wannan maimaicin suka hango. Suka gina waɗannan sassa sau ɗaya, suka jera su kamar bulo, suka ce ka jawo wanda kake so da linzamin kwamfuta ka ajiye inda kake so. Su ne kuma ke riƙe da manyan kwamfutocin da manhajar ke gudana a kansu, su ne ke toshe ɓarakar tsaro, su ne ke sa ta buɗe a waya da kwamfuta ba tare da ka gina ta sau biyu ba.

A nan ne akwai wani abu da yawancin masu amfani ba sa lura da shi. A dandali da yawa, abin da ka haɗa ba manhaja ba ce mai tsayuwa da ƙafafunta. Kwatance ne kawai aka adana: akwai tebur mai gurbi bakwai, akwai maɓalli a ƙasa, in an danna shi a aika wa wane saƙo. Injin kamfanin ne ke karanta wannan kwatancen duk lokacin da ma'aikacinka ya buɗe waya, ya zana masa abin da zai gani. Kamar awon da tela ya rubuta a littafinsa ne da irin alamominsa. Awon naka ne, jikinka aka auna, amma in ka yage shafin ka kai wa wani tela ba lallai ya gane ko layi ɗaya ba. Shi ya sa mutanen App Maker ba su iya ɗaukar manhajojinsu ba. Wasu dandalin, irin su OutSystems, kan fitar da kod na gaske daga zanen da ka yi, wanda hakan ya fi dama. Duk da haka kod ɗin da inji ya rubuta wa kansa ba ya karantuwa da sauƙi ga ɗan Adam da zai gaje shi.

Burin nan ya girmi yawancin masu tallarsa. Tun 1959 da aka tsara harshen kod na COBOL, an so ya yi kama da Turancin yau da kullum don shugabannin kamfani su iya bin abin da aka rubuta. A 1982 wani masani ɗan Ingila, James Martin, ya wallafa littafi sukutum a kan gina manhaja ba tare da masu rubuta kod ba. Visual Basic, kayan aikin Microsoft na saukaka haɗa manhaja, ya zo a 1991, Microsoft Access na haɗa rumbun bayanai a 1992, kuma har yau akwai ofisoshin da ke tafiya a kan rumbun Access da wani ma'aikaci ya haɗa kafin ya yi ritaya. Kamfanonin da suka fi suna a fagen yanzu ma sun riga sunan haihuwa. An kafa Appian a Amurka a 1999, OutSystems a Fotugal a 2001, Mendix a Holan a 2005, amma sai a 2014 kamfanin nazarin kasuwa na Forrester ya raɗa wa abin suna lo-kod. Bayan haka kuɗi suka shigo da ƙarfi: Microsoft ya buɗe nasa dandalin, Power Apps, ga kowa a 2016, Siemens na Jamus ya sayi Mendix a 2018 a kan dala miliyan 730. Abin da ya sauya tsakanin zamanin Access da yau shi ne intanet da wayar hannu, da kuma yadda ake biya. Da can faifai kake saya sau ɗaya ka mallaka. Yanzu haya ce ta wata-wata.

Alherin lo-kod na gaske ne, kuma ba a saurin yake ba kamar yadda yake a hannun wanda ke riƙe da linzamin. A tsohon tsari, wanda ya san aikin yakan yi wa mai rubuta kod bayani, shi kuma ya tafi ya dawo bayan wata uku da abin da ya fahimta, wanda sau da yawa ba shi aka nufa ba. Tsakanin bakin akanta da kunnen furogirama ake zubar da rabin magana. In akantan da kansa ne ya zauna ya haɗa, ya gwada da safe, ya ga inda ya karkace, ya gyara kafin la'asar, to an cire wannan tafinta. Akwai kuma ɗimbin ƙananan ayyuka da babu kamfanin da zai taɓa ɗaukar ƙwararre don su: rajistar man janareta, jadawalin direbobi, bibiyar takardun da aka kai ofishin haraji. Waɗannan ko dai su zauna a littafi da rukunin WhatsApp, ko lo-kod ya ɗauke su. A irin wannan wuri ban ga abin da ya fi shi ba.

Amma mu ɗauki dilan kayan masarufi a kasuwa irin ta Singa a Kano, wanda ke ba 'yan tireda da masu shaguna kaya a kan bashi. Ɗansa da ya gama jami'a ya ce zai haɗa manhajar da za ta maye gurbin littafin. A wuni guda zai iya, kuma za ta yi kyau a ido: suna, kaya, adadi, farashi, abin da aka biya, ciko. Mako na biyu ne tambayoyin za su fara fitowa. Ana sayen taliya da katan, ana sayarwa wani lokaci da katan, wani lokaci da rabi, wani lokaci da ƙwaya. Wanne ne ma'aunin da sito zai riƙe? Mutum ya karɓi kaya ranar Litinin, farashi ya tashi ranar Laraba, ya dawo da katan biyu ranar Alhamis. A wane farashi za a cire masa? Wani ya bayar da kafin alƙalami a kan kayan da ba su iso ba. Bashi ne a kan shago ko ciniki ne? Wani abokin ciniki yaran shago sun san shi da laƙabi, maigida ya san shi da sunan yanka, yana da layin waya biyu, sai ga shi ya zama mutum uku a manhaja, kowanne da nasa bashin. Wani ya turo kuɗi ta asusun ƙaninsa. Dillalin da ya kawo ciniki yana da la'ada, amma sai an gama biya. Akwai kuma dokar da ba a rubuce take ba, wadda maigida kaɗai ya sani: kowa kwana goma sha huɗu ake ba shi, ban da mutum uku da aka yi shekara ashirin ana hulɗa da su.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba matsalar kod ba ce, don haka babu dandalin da zai warware su. Wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Fred Brooks, ya bambanta wannan tun 1986. Ya ce wahalar gina manhaja iri biyu ce: wadda kayan aiki ke jawowa, da wadda ke cikin asalin al'amarin da ake son tsarawa. Ta farko ana iya rage ta da ingantattun kayan aiki. Ta biyu tana nan daram ko da me aka zo. Lo-kod ya ci ƙarfin ta farko sosai. Abin da ke damuna shi ne, da ya sauƙaƙa ta farkon, sai ya ɓoye ta biyun. Furogiraman kirki kafin ya taɓa kwamfuta zai zauna da maigida ya yi ta tambaya har a gaji da shi, don ya san in aka karkata tubalin farko, wato yadda aka raba teburan bayanai da yadda suke da alaƙa da juna, gyaransa bayan an zuba bayanan shekara guda ya fi ginin farko wuya. Shi kuwa wanda ya ga fom ɗinsa ya buɗe a waya cikin awa biyu, zai ɗauka an gama.

Ga misali ɗaya na yadda ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi a wannan fage. A Power Apps, in ka nemi manhaja ta tace ko ta tara bayanai, akwai tambayoyin da take miƙa wa rumbun ya yi aikin da kansa, akwai waɗanda ba ta iya miƙawa. A irin na biyun, layuka 500 na farko kawai take jawowa ta yi lissafi a kansu, kuma ko an ɗaga adadin ba ya wuce 2,000. Wanda ke ginawa zai ga 'yar alamar gargaɗi a gefe. Wanda ke amfani ba zai ga komai ba. Wato manhajar bashin nan za ta yi aiki daidai wata uku, ranar da ciniki ya haura layi 500 sai ta ci gaba da nuna jimilla da cikakken ƙarfin gwiwa, alhali ta bar na baya-bayan nan a waje. Microsoft ya rubuta wannan a fili a bayanansa, ba yaudara ba ce. Tambayar ita ce ko ɗan maigida ya karanta.

Kada a ɗauka sai ƙananan 'yan kasuwa irin wannan ke samu. A farkon Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙididdiga ba, saboda ana zuba sakamakon ne a tsohon nau'in fayil ɗin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube shiru. Kwanaki suka wuce ba a nemi mutanen da suka yi cuɗanya da su ba. Excel ba dandalin lo-kod ba ne a ma'anar yau, amma shi ne kakansu, kuma ciwon iri ɗaya ne: kayan aiki mai sauƙi da ya wuce iyakarsa bai yi ƙara ba.

Na tsaro ya fi wannan nauyi. A watan Agustan 2021 kamfanin binciken tsaro na UpGuard ya bayyana cewa bayanai kusan miliyan 38 na hukumomi da kamfanoni 47 suna buɗe a intanet ta shafukan da aka gina da Power Apps. Cikinsu akwai gwamnatin jihar Indiyana, da hukumomin birnin New York, da Ford, da American Airlines. Akwai sunaye, lambobin waya, bayanan rigakafin korona, har da lambobin shaidar 'yan ƙasa na masu neman aiki. Babu wanda ya fasa ƙofa. Wani saiti ne da ke kulle teburan bayanai, wanda in ba ka kunna shi da hannunka ba yana kashe, kuma masu ginin ba su san da shi ba. Daga baya Microsoft ya sauya tsarin, ya zama a kulle yake zuwa. Abin lura shi ne wuri 47 sun yi kuskure iri ɗaya, kuma wurare ne masu sashen kwamfuta da ma'aikata. In kayan aiki ya ce kowa zai iya, to nauyin ya koma kan yadda aka saita shi tun daga masana'anta. A Najeriya kuwa, tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, alhakin yana kan wanda ya tattara bayanan, kuma dokar tana da sharuɗɗa a kan fitar da su zuwa ƙasar waje. Asibiti ko makarantar kuɗi da ta zuba sunayen marasa lafiya ko na yara a irin wannan dandali ba za ta ce laifin mai dandalin ba ne ta wanke hannu.

Sai maganar kuɗi, wadda a wurinmu tana da wani kaifi na daban. Yawancin dandalin nan suna caji ne a kan kowane ma'aikaci, kowane wata, da dala. A farashin da Microsoft ya fara aiki da shi a Oktoban 2021, cikakken lasisin Power Apps dala 20 ne a wata ga mutum ɗaya. Kamfani mai ma'aikata 30 zai biya dala 7,200 a shekara. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan bai wuce naira miliyan 3.3 da 'yan kai ba. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, ya zama miliyan 10.8. Manhajar ba ta ƙara ko maɓalli ɗaya ba, ma'aikata ba su ƙaru ba. Kafin nan ma, a 2022, bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, ta yadda ko mai kuɗin a hannu sai ya nemi hanyar biya. Kuma haya ba kamar saye ba ce: watan da ba ka biya ba, ƙofa ta rufe da littafin bashinka a ciki.

Mai fili kuma yana iya sauya sharaɗi. A Oktoban 2019 Microsoft ya ɗauke igiyar da ke haɗa Power Apps da wani nau'in rumbun bayanai mai suna SQL daga jerin waɗanda ke zuwa tare da lasisin ofis na yau da kullum, ya mayar da ita cikin na musamman da ake biya daban. Ya ba tsofaffin manhajoji wa'adi mai tsawo, wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya tsara kasafinsa a kan cewa abin kyauta ne, ya wayi gari da sabon lissafi. Ga kuma wani abu da ke cikin tsarin cajin kansa: kamfani yana girma, kuɗin na girma tare da shi, a daidai lokacin da ficewa ta fi wuya saboda komai ya riga ya rataya a kai. Manhajar da aka rubuta da hannu tsadarta a farko take, ta lo-kod kuwa sai daga baya.

Akwai haya ta biyu da ba a cika magana a kanta ba, ita ce ta mutum. A dandali da yawa manhaja da ayyukan da ke gudana da kansu suna ɗaure ne da asusun wanda ya ƙirƙire su. Yaron da ya haɗa ta da imel ɗinsa na kansa, in ya samu aiki a Abuja ko aka ɓata, ya tafi da makulli. Ko a manyan kamfanoni, in aka rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki, sai a ga saƙon da ke fita kowace safiya ya daina fita, a yi ta neman dalili. Kuma da yake manhajar ba a rubuce take layi-layi ba, dokokin suna warwatse a bayan maɓallai da akwatuna ashirin, wanda ya gaje ta sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa kafin ya gane abin da na gabansa ya nufa. Kamfanonin da suka daɗe a harkar sun koyi su ware wurin gwaji daban da wurin aiki, su sa manhaja ƙarƙashin asusun kamfani, su riƙe rajistar wa ya gina me. Wato dai ladubban da masu rubuta kod suka koya da wahala, sun dawo ta ƙofar baya.

Abin sha'awa, mafi kyawun misalin da na sani na yadda ya kamata abin ya kasance yana hannun mutanenmu tuni, ko da yake ba sa kiransa da wannan suna. Duk wanda ya yi aikin tattara bayanai da ƙungiyoyin agaji a Borno ko Yobe, ko aikin rigakafi a Kano, ya san ODK da KoboToolbox, manhajojin cike fom a waya. An fara ODK a Jami'ar Washington a 2008, shi kuma Kobo ya girma ne a cibiyar ayyukan jin ƙai ta Jami'ar Harvard. Fom ɗinsu a takardar Excel ake rubuta shi: gurbi ɗaya na irin tambayar, ɗaya na sunanta, ɗaya na yadda za ta fito a waya, kuma ana iya ƙara gurbin Hausa ko Kanuri a gefen na Turanci. Ana sa sharaɗi, a ce in amsar nan a'a ce a tsallake tambaya biyar na gaba. Yana aiki a ƙauyen da babu sabis, ya ajiye, ya tura in an dawo gari. Ba zai riƙe maka sito da bashi kamar cikakkiyar manhajar kasuwanci ba, aikinsa tattara bayani ne. Amma dubi abin da ya bambanta shi: tsarin rubuta fom ɗin, XLSForm, a buɗe yake ga kowa, dandali da yawa suna karanta shi. Fayil ɗin yana kwamfutarka. In wannan ya rufe gobe, ka ɗora shi a wancan. Awon telan ne aka rubuta da rubutun da kowane tela ke ganewa.

A ɓangaren kasuwanci ma akwai masu bin wannan hanya. Budibase, Appsmith, NocoDB da ERPNext duk kod ɗinsu a buɗe yake, kana iya ɗora su a kwamfutar da kai ka mallaka ko ka yi hayarta. Babu mai rufe maka su da sanarwa. Sai dai nauyin da mai dandali ke ɗauke maka ya dawo kanka: sabuntawa, toshe ɓaraka, adana kwafin bayanai kowane dare, da wuta in a ofishinka injin yake. Wanda ba shi da mutum ɗaya da zai tsaya wa wannan, hayar ta fi masa aminci, kuma ba abin kunya ba ne.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tun 2023 manyan dandalin suka fara ba ka damar rubuta abin da kake so da jimla, su zana maka tebur da fom. Wasu sababbin kayan ma kod na gaske suke rubutowa, wanda zai iya rage matsalar ɗaurewa da dandali ɗaya. Amma sun ƙara faɗaɗa ratar da ke tsakanin abin da mutum ya mallaka da abin da ya fahimta. Wanda ya jera bulo da hannunsa aƙalla ya san inda ya sa kowanne. Kuma injin ba zai san da mutum ukun nan da ake ɗaga wa ƙafa ba sai an gaya masa.

In ɗan maigidan nan ya zo wurina, ba zan hana shi ba. Zan ce ya fara da rajistar kayan da ke shiga sito da fita, inda kuskure ke bayyana da an ƙirga katan, ya bar littafin bashi sai manhajar ta shekara tana faɗar gaskiya. Ya buɗe ta da imel ɗin shago, maigida ya riƙe kalmar sirri. Ya zuba mata layi dubu biyar na gwaji tun ranar farko ya ga ko jimilla za ta fito daidai. Ya ajiye bayanan a wurin da zai iya sauke su gaba ɗaya, kuma ya gwada saukewar da gaske, ya buɗe fayil ɗin ya gani da idonsa, kowane ƙarshen wata. Sannan ya sami yamma ɗaya bayan an rufe kasuwa, ya zauna kusa da mahaifinsa da biro da takarda, ya ce, "Baba, wanda ya dawo da kaya bayan farashi ya tashi, yaya kuke yi da shi?" Ya rubuta amsar da Hausa, da ta la'ada, da ta kafin alƙalami, da sunayen mutum ukun, ya sa takardar a durowar da ake ajiye rasit.